Wa ya ce jabu ne? Rigimar yadin teburin snuka a zauren 'yan Maradi

Mai Tebur: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Na ajiye teburin snuka a falon baya na gidana nan unguwar Zariya ta Maradi, don samarin gidan su rage yawon dare. Yadin da ya zo da shi ya ƙoƙe, na aika Kano aka sawo mani sabo, mai gyaran kujeru ya zo ya ɗaura. Ba a je ko'ina ba yadin ya fara tara gashi yana dunƙulewa, ka buga ƙwallo da ƙarfinka ya daki bango ɗaya ya tsaya. Wallahi jabu aka sayar mani. Kuma ina faɗa da babbar murya: duk yadin da ba na kamfanin Simonis ba jabu ne. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Na Sabon Gari: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Amma jabu magana ce mai nauyi. An rubuta Simonis a jikin yadin ne?

Mai Tebur: Ba a rubuta komai ba. Cewa na yi a kawo mai kyau.

Na Sabon Gari: To ina jabu a nan, ranka ya daɗe? Jabu shi ne a liƙa sunan wani a kan abin da ba nasa ba. Wannan bai ari sunan kowa ba. Ka ce mai arha, ka ce marar ƙarko, amma ba jabu ba.

Ɗan Mokoyo: Kai bari. Duk abin da ka ba da kuɗɗinka ka saya bai yi maka aiki ba, jabu ne. Mi za a tsaya ana yi muna lakkol a kai?

Ɗan Jibiya: Na san a rina. Da abu ya lalace sai a ce Kano. Shinkafa Kano, batir Kano, yanzu har yadin tebur. Ku da kanku kuke cewa a kawo na daidai aljihu, in an kawo kuma ku hau zaure kuna zagi.

Ɗan Mokoyo: Wa ya zagi Kano? Kai ne dai da abu a zuciya.

Injiniya: Alhaji, kafin a yanke wa yadin nan hukunci, bari in ɗan faɗi abin da na sani. Yadin tebur iri biyu ne, dukansu da ulu ake yin su, wato gashin tumaki. Akwai mai gashi-gashi, mai kauri da laushi in ka shafa. Akwai kuma mai santsi, wanda ake taje ulun a fitar da gajerun zaruruwa, a murza dogayen da kyau a saƙa su a matse, har kana ganin saƙar da idonka. Mai gashi yana riƙe ƙwallo, dole ya yi sanyin tafiya, kuma in sabo ne sai ya zubar da gashi a farko, ana share shi da buroshi mai laushi. Halinsa ke nan, ba cuta ba ce. Simonis da kake magana mai santsin ne. A garin Verviers na ƙasar Beljiyam ake saƙa shi, kamfanin tun 1680 yake. Lambarsu 860 ulu ne kashi 90, nailan kashi 10. Lamba 760 ulu 70 nailan 30, ya fi gudu. To abin da kake hannu da shi, ga alama, mai gashi ne na talakan tebur. Wani iri ne daban.

Mai Tebur: Wato ka yarda dai bai kai Simonis ba.

Injiniya: Bai kai ba. Amma rashin kaiwa daban, jabu daban.

Ɗan Mokoyo: Duk ɗaya ne.

Tela: Ba ɗaya ba ne, ni da nake yanka yadi kullum zan gaya muku. Shadda Getzner daga Ostiriya take zuwa. Akwai shaddar Sin mai arha da ake sayar da ita da sunanta, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗinka ya yi Sallarsa, ba wanda ya cuce shi. Ranar da aka buga mata tambarin Getzner a baki, ranar ta zama jabu. Alhaji bai nuna mana tambari ba, bai nuna mana rasit ba, ko hoton yadin bai turo ba.

Mai Tebur: Yanzu ni ne zan kawo shaida a kan teburina? Ikon Allah.

Kawun Yandaka: Yaran zamani, kun ji suna guda kun riƙe. To in duk abin da ba Simonis ba jabu ne, gasar snuka ta duniya da ake yi a Sheffield ta Ingila tun 1977, a kan jabu suke bugawa ke nan? Yadin Strachan ne a kan teburan can, daga garin Stroud, ulu zalla, kuma mai gashi ne. Gashin nan gefe guda yake kwance, ana share shi ta hanya guda, har guga ake yi mashi. Ku tahi ku gaya ma gwanin snuka Ronnie O'Sullivan kambinsa bakwai a kan jabu ya ci su.

Na Sabon Gari: Allah ya ja kwana Kawu, an gama magana.

Injiniya: Kawu ya yi gaskiya, sai dai a lura. Waccan snuka ce ta ainihi, tebur ƙafa 12, ƙwallo 22. Na Alhaji nawa ne?

Mai Tebur: Ƙafa 8. Ƙwallo 16 har da farin, masu lamba.

Injiniya: To wannan irin na Amurka ne, ƙwallonsa ya fi girma da nauyi, milimita 57. Shi mai santsi ya fi dacewa da shi, shi ake sawa a manyan gasanninsa. Kowane yadi da teburinsa. Kuma abin dariyar, Kawu da Alhaji, Strachan da Simonis yanzu a hannun mai gida guda suke.

Kawun Yandaka: Ɗana, ban tambaye ka wa ke da su ba. Mai gashi shi ne yadi. Sauran duk santsi ne na masu gaggawa.

Ɗan Mokoyo: Wato Kawu ma Simonis jabu ne a wurinshi 😂

Kawun Yandaka: Kar ka sa mani magana a baki, na girmi babanka.

Malam na Limanci: Jama'a, ina ta karantawa ina mamaki. Kuna ta ja-in-ja a kan yadi, ba wanda ya tambayi hukuncin abin da ake yi a kansa. A shagunan unguwa wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin tebur, wasu ma har ajiye kuɗi suke yi a gefe. Wannan ba caca ba ce? Ga kiran salla ana yi, yara na riƙe da sanda.

Mai Tebur: Allah gafarta Malam, a gidana ne, ba sisi ba kwabo. Don in raba su da shagunan nan ne ma na saya.

Malam na Limanci: Ban ce kai ba Alhaji. Amma a gida ake koyo, a waje ake gwadawa.

Ɗan Jibiya: In haka ne a hana dara da ludo ma.

Malam na Limanci: Kai ne kullum ke mai da wa'azi abin wasa. Allah ya shirye ka.

Ɗan Jibiya: Amin, mu duka.

Kafinta: Ni tambayata guda ce ba a amsa ba, don ba a ma yi ta ba. Wa ya ce mai gyaran kujeru ya iya ɗaura yadin tebur? Kujera laushi ake nema, tebur kuwa ja ake yi har yadin ya miƙe tsaf, daga tsakiya zuwa gefe, a bi da ƙusa ko gam. In ya yi sako-sako, ko yadin Beljiyam ne ƙwallo ba zai yi gudu ba. Alhaji, ɗora tafin hannunka ka tura. In yadin ya tattare gaban yatsunka, aikin ne bai yi ba. Sannan me ke ƙarƙashi, dutse ne ko katako? Teburan kirki dutsen allo ake shimfiɗa musu. Katako in ya sha damina ya sha zafin Afrilu sai ya banƙare. Robar bango ma zafi na ƙeƙasar da ita, in ta mutu ƙwallo ba ya dawowa, a ɗora wa yadi laifi.

Mai Tebur: Katako ne. Kuma yadin yana ɗan motsi, amma ba shi ne matsalar ba.

Kafinta: To.

Tela: Kafinta na neman aiki ne kawai, ku gane.

Kafinta: Kai da ka karɓi ɗinkin Sallar yarana ka kawo bayan Salla, kai ne za ka yi maganar aiki?

Tela: Wuta aka ɗauke, kowa ya sani. A nan za ka tona?

Inna ta Bagalam: Ku maza kuna ta sunayen Turawa, ba wanda ya yi zancen ƙura. Nan Maradi ce hwa. In hunturu ya kama, ka share ɗaki da sahe, kahin azahar ka rubuta sunanka a kan tebur. Yadi mai gashi duk ƙurar nan da allin sandar cikinshi suke shigewa. Ga asu, shi da ulu ba a raba su. Ƙanena, kana ruhe teburin nan kuwa in an gama? Ko yara na aza kofin shayi a kai?

Mai Tebur: Yaya, ba a taɓa rufe shi ba gaskiya. Amma maganar jabu muke yi.

Inna ta Bagalam: Ka sayi mai tsadar ka bar shi buɗe, shi ma ka dawo ka kira shi jabu. Kuma falon nan matarka ta so ta sa kujeru a ciki, ban manta ba.

Injiniya: Inna ta taɓo wurin. Mai santsi ya fi sauƙin sharewa don ƙura ba ta samun maɓoya. Amma yana da nasa: wurin da ake fasa ƙwallaye da ƙarfi yakan yi fararen ɗigo saboda zafin gogayya, musamman in ƙwallayen masu arha ne. Kuma ga yaran da ke koyo, gudunsa na iya yi musu yawa, ga sanda da suke cakawa ƙasa.

Ɗan Mokoyo: Ni dai a sa shuɗi, shi ake gani a talabijin yanzu.

Kawun Yandaka: Kore. Wasan nan a kan ciyawa ya samo asali kahin a ɗauke shi a kai cikin ɗaki, shi ya sa ake rina yadin kore.

Ɗan Mokoyo: Ina ciyawa a Maradi cikin rani, Kawu?

Ɗan Jibiya: Ku sa ko ja ne, ta iyakar Ɗan Isa zai shigo dai. Da aka rufe iyaka a 2023 ai kun ga yadda kasuwa ta koma. Sai a riƙa cin arzikin Kano ana kiran kayanta jabu.

Ɗan Mokoyo: Wa ya ruhe iyakar? Wa ya yanke muna wuta? Kuma ku da kuke rububin sefa, nairarku nawa take yau?

Na Sabon Gari: Subhanallah. Daga yadi?

Mai Tebur: Ni fa har yanzu ba a gaya mani wanne zan saya ba.

Ɗan Jibiya: Ka janye kalmar jabu tukuna.

Mai Tebur: Ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Dokar zaure ta hana siyasa, Ɗan Mokoyo wannan gargaɗi ne, na goge saƙonninka biyu na ƙarshe. Ga abin da aka tsayar, don waɗanda ba su bi daga farko ba. Jama'a sun haɗu a kan cewa yadin da aka kawo daga Kano ba jabu ba ne, yadi ne mai kyau irin wanda ake gasar duniya a kansa, kamar yadda Kawu ya tabbatar. Laifin na wanda ya ɗaura ne, da kuma rashin rufe tebur. Injiniya da kansa ya nuna cewa Simonis ɗin da ake ta kurantawa yana yin fararen ɗigo kuma bai dace da yara ba, ga tsada. Maganar Malam mun ji, Allah ya saka. Tela da Kafinta ku ƙarasa taku a waje.

Injiniya: Shugaba, ba haka na ce ba. Cewa na yi ga tebur irin na Alhaji mai santsi ya fi, in an gyara ɗaurin.

Shugaban Zaure: An rufe wannan babin, Injiniya. Alhaji, ƙanena zai shiga Kano ranar Laraba, yana kawo mai gashin nan kore da shuɗi, har da marufin tebur. Ka same ni ta gefe mu yi magana.