Kukan da ke bin totur a sifikun mota: ta ina yake shiga?

Mai Haɗa Sauti:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rewaya da masu haɗa sauti. Maganar ita ce fiton nan da ke fitowa ta sifiku da zarar an tayar da inji. Mota na silo yana ƙasa-ƙasa, a taka totur ya hau sama, a kashe inji ya ɗauke ɗif. Yawancin motocin da ake kawowa da wannan matsala an riga an liƙa musu filta ɗaya ko biyu, kukan kuwa yana nan daram. Kowa ya kawo abin da hannunsa ya tabbatar mu tara a wuri guda.

Zan fara da kunne, domin ba kowane kuka ne na altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba. Idan siririn fito ne, wiii, mai hawa da sauka tare da totur, altaneta ce. Idan ƙas-ƙas-ƙas ne mai ƙara sauri in an taka, wutar filogi ce. Inji mai silinda 4 a juyi 800 cikin minti yana ba da wuta kusan sau 27 a daƙiƙa, shi ya sa a silo har kana iya rarrabe bugun. Idan kuma kukan ya fito na daƙiƙa biyu ko uku daga murɗa makulli, tun ba a yi kik ba, kuma totur bai canza muryarsa, famfon mai ne. Na fankar ciki da na waifa ba sa wahala: kashe su ka ji.

In ka kasa rarrabewa, taka totur ya kai juyi 2,500, ka mayar da makulli kan ACC, inda inji ke mutuwa amma rediyo na ci gaba da aiki. Na filogi zai yanke nan take. Na altaneta zai gangaro a hankali tare da injin har ya mutu.

Oga Rewaya:
Wa alaikumus salam. Malam, bari in ɗora a kan altaneta. Wutar da take haifarwa AC ce, wato mai kaiwa da komowa, mai layi uku, diyod 6 ne ke mayar da ita DC irin ta batir, kuma duk lafiyarta sai ɗan tsalle ya rage a kan wutar. Altaneta mai kawunan maganaɗisu 12 tana yin tsalle 36 a kowane juyi. In inji na juyi 800, fambel na juya ta kamar ninki uku, lissafin ya kai wajen Hz 1,440. Wannan murya ce ta tiwita, 'yar sifika mai siririyar murya, da sauran ƙananan sifiku. Shi ya sa mai babbar sifikar bes kaɗai zai shekara bai ji komai ba, ranar da aka ƙara masa tiwita ya ce mai aikin ne ya ɓata masa mota.

Gwajinta da mita: batir a kwance volt 12.6, inji na aiki tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ka juya mita zuwa AC, ka ɗora a kan batir, ka kunna fitilun gaba da fanka. Lafiyayyar altaneta ba ta cika wuce volt 0.1 ba. In ka ga ta doshi 0.5, akwai diyod da ya mutu, kuma kukan kan yi kauri da gurnani, ba siriri ba. A kula, wasu ƙananan mitoci kan nuna lamba ta banza kamar 28 ko 30 a AC in akwai DC a layin. Wannan laifin mitar ne.

Mai son tabbaci ya cire fambel, inji na sanyi, ya tayar na ƙasa da minti ɗaya, don a motoci da yawa famfon ruwa na kan bel ɗin. Kuka ya ɓace, an san tushensa. Abin da ba a yi shi ne cire kan batir inji na aiki. Wutar kan yi tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota, daga neman ƙiba a samo rama.

Mai Amfilifaya:
Oga, gaskiya ne, amma sanin tushe daban, sanin ƙofa daban. Kowace altaneta na da tsallen nan, ba kowace mota ke kuka ba. A yawancin waɗanda ake dubawa altanetar lafiyarta lau, ƙofa ce aka buɗe mata. Hanyar gano ƙofar ita ce a faro daga amfilifaya a koma baya, abu ɗaya a lokaci guda, a kashe komai kafin a zare ko a soka kowace waya.

Da farko zare wayoyin RCA, masu kawo sauti daga rediyo, daga amfilifaya. Ya fi kyau a toshe ramukan da kawunan RCA da aka haɗe tsinken tsakiya da zoben waje, don rami a buɗe kan jawo nasa surutun. Tayar da inji. In kukan na nan, matsalar na wajen amfilifaya: at ɗinta, wato wayar da ta haɗa ta da ƙarfen mota, ko jikinta da ke taɓa bodi ta sukurori, ko ita kanta ta lalace. Kwance ta ka ɗora a kan katako ka sake ji. Duba kuma akwatin nan mai raba sauti tsakanin tiwita da sifika. Akwai naɗaɗɗiyar waya a cikinsa da ke tsotsar kuka in an ɓoye shi kusa da kaurin wayoyin mota. Matsar da shi taƙi ɗaya kawai kan wadatar.

In shiru ya samu, sai ka jona wayar salula kai tsaye a amfilifaya, ba ta kan caji. Kiɗa ya fito tas, amfilifaya ta wanku. Sai ka ɗauko wata doguwar RCA ka shimfiɗa ta saman kujeru daga rediyo zuwa but. Kuka ya tafi, tsohuwar wayar ce ko hanyar da ta bi. Sau da yawa za ka tarar sukurun kujera ya huda ta, zoben waje na taɓa bodi. Kuka na nan, saura rediyo.

Ɗan Gareji:
Ni abin da na sani, muddin aka bi da wayar wuta ta gefe ɗaya, RCA ta ɗaya gefen, an gama. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

Mai Amfilifaya:
Ɗan'uwa, ɗabi'a ce mai kyau, ni ma haka nake yi, sai dai ba ita ce magani ba kodayaushe. Ƙarfen ƙasan motar shi kansa waya ne, duk wutar da ke komawa batir ta cikinsa take bi, RCA kuwa kwance take a kansa ko ta wane gefe aka bi da ita. Shi ya sa na ce a gwada ta saman kujeru tukuna. Minti biyar ne, ya fi a yaye kafet gaba ɗaya a mayar, a tayar da inji a ji wiii.

Baba Makaniki:
Yara, ku tsaya a kan at, a nan mafi yawan laifin yake. Rediyo na da at ɗinsa a dashbod, amfilifaya na da nata a but. In akwai ɗan bambancin wuta tsakanin wuraren biyu, ko da 'yan milivolt ne, wutar za ta nemi daidaitawa ta zoben RCA, amfilifaya kuma ba ta san wannan ba kiɗa ba ne, sai ta ƙara masa ƙarfi.

At ɗin amfilifaya ya zama gajere, kada ya wuce santimita 45, kaurinsa daidai da na wayar wuta. A kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, faɗin da ya fi kan wayar, a ɗaure da noti sosai, sannan a shafa giris a kai saboda tsatsa. Ban da ƙusar bel ɗin kujera, zarenta na da gam da fenti. Ban da siririn ƙarfen da aka ɗiga wa walda nan da can. Wayar ma a duba ta: akwai ta alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, in ka kankara za ka ga fari a ciki, ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla mai kauri ɗaya da ita.

Kada ku auna at da om, ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Silin waya guda ɗaya ma zai nuna kusan sifili. A auna faɗuwar wuta: mita a DC, doguwar waya daga negatif ɗin batir zuwa baƙin tsinke, jan tsinke a kan GND na amfilifaya, inda ake ɗaura at ɗinta, inji na aiki, fitilu a kunne, kiɗa da ƙarfi. Ya wuce volt 0.2, a sake at. Haka za a auna daga jikin altaneta zuwa negatif. Wayar da ta haɗa inji da bodi kan yi kore ta ciki, ko a manta da ita bayan an sauke giyabos, daga nan wuta ta riƙa bin duk hanyar da ta samu.

Mai Gyaran Rediyo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Saura ɓangaren rediyo. Zaro shi daga dashbod ka ɗora a kan tsumma, jikinsa bai taɓa ƙarfe ba, ka zare eriya. In kukan ya tafi da zare eriya, at biyu ne ke faɗa, na eriya da na baƙar waya, wato at ɗin rediyo. Yanke baƙar wayar daga soket ɗin mota ka ba ta sabon at a ƙarfe mai kauri. Wani lokaci sai an ja ta har inda amfilifaya ta ɗauki nata.

Akwai kuma wanda ke rikita mutane. A cikin wasu rediyoyi, zoben RCA na haɗe da at ta wani ɗan mitsitsin fiyus ko siririn layi a kan allo. In aka soka RCA kayan na kunne, ko at ɗin amfilifaya ya saki, sai ya ƙone. Kukan da ke biyo baya mai ƙarfi ne, ko an rage murya zuwa sifili ba ya raguwa. Kashe komai ka auna daga zoben zuwa jikin rediyo, ya kamata a ga ƙasa da om 1. Ko ka taɓa guntuwar waya tsakanin su biyun, in kukan ya ɗauke, shi ne. A gyara at ɗin amfilifaya kafin a gyara wannan, in ba haka ba zai sake ƙonewa.

In a tashar rediyo kaɗai ake jin ƙas-ƙas, musamman AM, kiɗan USB kuwa lafiya, ta iska yake shiga. Duba ko filogin masu harafin R ne a lambarsu, duba wayoyin filogi da kwayil ko sun tsage, da gindin eriya ko ya yi tsatsa.

Mai Haɗa Sauti:
Madalla. Ba a taɓo gen ba, wato maɓallin nan da ake murɗawa a jikin amfilifaya. Ba maɓallin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya yake da abin da rediyo ke bayarwa, volt 2 ko 4. A murɗe shi ƙarshe, ɗan kukan da ba a ji sai ya cika mota. Cire sifiku, sa sautin gwaji na Hz 1,000, muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, mita a AC a kan mafitar sifika. Sai ka riƙa murɗa gen a hankali. Amfilifaya mai wat 100 a om 4, ka tsaya a volt 20. Mai wat 50, wajen 14.

Ɗan Gareji:
To wanda ba shi da amfilifaya fa, sai ya jona salula a AUX, ramin sauti na rediyo, yana caji sannan kukan ke zuwa?

Mai Gyaran Rediyo:
Shi ma at biyu ne, ɗaya ta caja, ɗaya ta AUX. Ya zare cajar ya ji. A nan ne kaɗai nake yarda da 'yar na'urar nan mai tiransifoma da ke raba at, mai kan milimita 3.5, ko ya koma Bluetooth. A kan RCA kuwa sai an rasa yadda za a yi, don marasa ingancinta na cinye bes. Filtar wuta kuma a kan ruwan ɗorawar wayar rediyo ake sa ta, mai wutar dindindin, don ita ke ciyar da shi. Jar waya umarnin kunnawa kawai take kaiwa a yawancin rediyoyin yanzu, filta a kanta ba ta tare komai.