Sunayen wuraren ibada a bakin Hausawan Sudan: abin da aka tsayar bayan tattaunawa kan sunan da ya dace da kowanne

1. Masallaci dai masallaci ne, daga Mai Wurno har Gadarif, babu gardama. Wanda ake Juma'a a cikinsa, matasa kan ce jami'i, dattawa kuwa masallacin Juma'a suka sani.

2. Halwa ce ta fi jan magana. A nan makarantar allo ake nufi, inda almajirai ke kewaye wuta da daddare suna karatu, abin da a Kano za a ce tsangaya. Waɗanda suka taso a Najeriya suka ce su shiga halwa kawai suka sani, wato keɓewa don ibada. Shawarar da ta fi rinjaye: in da baƙo kake magana, ce masa tsangaya, ka huta.

3. Gubba, irin ta Shehu Hamad al-Nil a Omdurman inda 'yan Ƙadiriyya suka saba yin zikiri ranar Juma'a da yamma, hubbare ce, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Wasu suka ce makwanci ne kawai, kada a lissafa shi cikin wuraren ibada. Nan kam ba a daidaita ba.

4. Na Kiristoci: a kasuwa kanisa ake ji, a gida coci, su kansu kuwa majami'a suke rubutawa.