Jariri ba ya barci sai da nono a baki: a hana ko a bari?

Sabuwar Uwa:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman haske. Jariri ɗan sati bakwai ba ya barci sai a kan nono, da an ajiye shi ko minti goma ba a yi zai farka da kuka. Wasu na cewa idan ya saba haka ba zai taɓa barci shi kaɗai ba. A hana shi tun yanzu ne?

Ungozoma:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya. Kada ki hana. A wannan shekarun nasa tsotso da barci tare suke tafiya: idan nono ya isa hanjinsa, jikinsa na fitar da wani sinadari da ke sa ƙoshi da kasala. Halittarsa ce, ba sangarta ba.

Abin dubawa shi ne, ƙoshi ya sa shi barci ko gajiya? Ki saurari haɗiya. Mai sha da gaske yana zuƙa mai tsawo, haɓarsa na sauka ƙasa, kina jin "kah, kah" a hankali. Idan leɓe kawai ke motsi babu haɗiya, ki matsa maman da hannu ki riƙe, nono zai ƙara zuba ya ci gaba da sha. Ya sake lafewa, ki cire shi, ki sa shi gyatsa a kafaɗa, ki canza kunzugu, ki ba shi ɗaya ɓangaren. Wanda ya yi barci da rabin ciki dole ya tashi da wuri. Shaidar yana samun abin da ya ishe shi: sha 8 zuwa 12 a awa 24, jiƙa kunzugu 6 ko fiye a rana, da ƙarin nauyi a wurin awo.

Farkawa da an ajiye shi kuwa dalilinta daban. Ƙaramin jariri da barci mara nauyi yake farawa, ido na motsi a ƙarƙashin fata, yana murmushi, yana zabura. Ki jira kamar minti 20 har numfashi ya daidaita. Ki ɗaga hannunsa ki saki, in ya faɗi lakwas, to ya yi nisa. Ki sauke ƙafafu da ɗuwawu tukuna, kai daga ƙarshe, ki bar tafin hannunki a ƙirjinsa na ɗan lokaci.

Ma'aikaciyar Jinyar Yara:
Na yarda da Anti Ungozoma, sai dai inda ake ajiye shi ya fi damuna. A rigingine za a kwantar da shi kowane barci, dare da rana, ba rub da ciki ba, ba gefe ba. Katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, babu filo, babu bargo mai laushi ko 'yar tsana. Gadonsa a ɗakinki aƙalla wata 6 na farko. Masu tsoron tumbuɗi zai shaƙe shi a rigingine su kwantar da hankali, lafiyayyen jariri yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar.

Mafi haɗari shi ne uwa ta zauna a kujerar kushin da tsakar dare tana shayarwa barci ya kwashe ta, yaro ya zame cikin lungun kujera. Idan kin san barci zai iya sace ki, gara gado, bayan kin kawar da filo da bargo daga kusa da shi, ki mayar da shi nasa da zarar kin farka.

Mai ba da bulumboti kada ta jingina shi a bakin yaro ta tafi, yana iya ƙwarewa, yana kuma jawo ciwon kunne. Ragowar madara a zubar bayan awa 1 da fara sha. Kada a zuba garin hatsi a ciki wai don ya daɗe yana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6.

Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya yi wuyar tashi, ko ya ƙi nono, asibiti kai tsaye.

Malamar Raino:
Gaskiyar masu cewa "zai saba" tana zuwa ne wajen wata 4, lokacin da tsarin barcinsa ke canzawa. Barcinsa zagaye-zagaye yake tafiya, daga mara nauyi zuwa mai nauyi, yana ɗan farkawa tsakanin zagaye da zagaye, ya nemi abin da ya yi barci da shi. In hakan bai dame ki ba, ba dole ki canza komai. In kuma tashin kowace awa ya galabaitar da ke, ki dawo da shayarwa farkon shirin kwanciya: nono da fitila a kunne, sai wanka ko goge jiki, canza kaya, lallashi, sannan gado yana lumshe ido bai ƙarasa barci ba. Ki fara da barcin farkon dare kaɗai. Kafin barci ya ɗauke shi ki sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki zare nonon a hankali, ya nema ki mayar, ki sake gwadawa. Yakan ɗauki sati ɗaya ko biyu, kuma shan dare saboda yunwa yana nan, ba shi ake yankewa ba.

A yanzu dai abin da za ki iya farawa shi ne raba masa dare da rana: haske da hira da rana, da dare duhu, ba wasa, ba surutu. In haƙori ya fito kuma, a goge shi bayan shan ƙarshe.