Ƙaramar Mota Mai Caji: Musayar Baitoci Tsakanin Katsina da Daura

Mai Napep na Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ɗana ya nuna mini bidiyon wata 'yar mota, Citroën Ami, wadda caji ake yi mata kamar waya. Na kwana ina juya abin a raina, don fetur ke cinye gumina. Ga baitocina. Amsa-amon "ri" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba bawa ikon tsarawa,
Salati ga Manzo nake ƙarawa,
Sannan in kama batun sufuri.

Ɗana ya nuna mini 'yar mota,
Ami suke kiran sunanta,
A Maroko ne ake ƙera ta,
Tun 2020 ta zo da sabon tsari.

Ba ta da tanki, ba ta shan mai,
Soket ɗin ɗaki take so kawai,
Awa 3 zuwa 4 ta ƙoshi sarai,
Ta yi kilomita 75 kan batiri.

Gudunta kilomita 45 a awa,
Mutum biyu ne ke iya hawa,
A lungun Rafindadi tana iya kutsawa,
Mita 2.4 ce, ba ta cin wuri.

Tun Mayun 2023 da aka janye tallafi,
Kuɗin lita sai ƙara ƙarfi,
Ramin aljihuna ya yi zurfi,
Ga balas, ga cefane, sai haƙuri.

Jiya na ɗauko wata tsohuwa,
Daga asibiti za ta Sabuwar Unguwa,
Ta kwance haɓar zane tana ƙirgawa,
Kuɗin bai kai ba, na ce Iya ki bari.

Shi ya sa nake tambayar masana,
Ko motar nan za ta zo garina,
Ta sauƙaƙa wa Iya, ta share gumina,
Ko ko mafarki ne da dogon buri?

Bakanike na Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam. Ga tawa daga gareji, hannuna ma da baƙin mai nake rubutawa.

Abokina, na ji kukanka,
Ni ma ina ɗanɗana irin zafinka,
Amma tsaya ka ji kafin ka sa kuɗinka,
Ba yau aka fara ba, wannan shiri.

A 1985 can ƙasar Ingila,
Clive Sinclair ya fito da C5 mai caji, ya sha wahala,
Ƙafa uku, ba rufi, ga ruwa ga illa,
Mai tuƙi na ƙasa-ƙasa, dab da hatsari.

Kilomita 24 kacal take yi a awa,
In an zo tudu, feda kake takawa,
Shekarar ba ta kai ga ƙarewa,
Kamfanin ya durƙushe, ya shiga garari.

Toyota ma ta yi i-Road tata,
Ƙafa uku, a kwana sai ta karkata,
A Grenoble ta Faransa aka gwada ta,
Tun 2014, shekara 3 ana nazari.

Ni abin da ke tsaya mini a rai,
Zafin Afrilu da ka sani sarai,
Batirin litiyam ba ya son zafi, ka ji dai,
Yana rage masa kwana tun daga fari.

Ga ƙurar hunturu mai shiga ko'ina,
Ga ramukan titi in an shiga damina,
In ta tsaya, kayan gyaranta na ina?
Sifana ba ta kwance cutar batiri.

Malamar Firamare, Ƙofar Guga:

Sannunku da ƙoƙari yayyena,
Ku ba ni fili in faɗi ra'ayina,
Kujera biyu ba ta ɗaukar iyalina,
Yara huɗu nake kaiwa makaranta da wuri.

Wanda ya zana ta can Turai,
Titinsu da zamansu ya auna kawai,
Mu ranar biki mukan fita mu bakwai,
Da kuloli da goyo da buhun gari.

Amma fa akwai abin da ya ja ni,
Ba hayaƙin salansa mai shaƙe ni,
Autana na da asma, tana tada ni,
Cikin dare in ji shi yana ta tari.

In mun shiga cunkoso bakin kasuwa,
Da mayafi nake rufe hancinsa don tsarewa,
Har sai mun samu hanyar wucewa,
Mota marar hayaƙi gare ni alheri.

A ƙara kujeru shi ne nake nema,
A ɗaga ƙafafunta ta ɗan yi sama,
Mace ta tuƙa da kanta in ta samu dama,
Ta kai 'ya'yanta ba ɗari-ɗari.

Ɗalibi daga Daura:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a cikinku, lantarki nake karantawa, a yi mini afuwa in na yi tsawo.

Baba bakanike, na ji hujjarka,
Ban ƙi ko ɗaya ba cikin maganarka,
Amma waiwayo gida, ga 'yan uwanka,
Sun riga sun kama aikin a Maiduguri.

Mustapha Gajibo ne sunansa,
Ƙananan bas ya tara a ma'aikatarsa,
Ya sauke injin fetur, shi da yaransa,
Ya sa na lantarki, ba tsafi ba asiri.

Jelani Aliyu ɗan asalin Sakkwato ne,
Zanen Chevrolet Volt aikinsa ne,
A Amurka ya yi, amma namu ne,
A 2017 ya karɓi hukumar motocin Najeriya, ya yi ƙoƙari.

A zamaninsa aka buɗe tashar caji,
A Jami'ar Ɗanfodiyo, 2021, kun ji,
Da hasken rana take aiki, ba inji,
Ranar da ke ƙona mu ita ce jari.

Ga fankokin iska a Lambar Rimi,
Megawat 10 aka tsara da ilimi,
In an kula da su, an zuba gumi,
Iska ma za ta tura keke da sauri.

Na yarda Ami ba ta kawo ku Daura,
Kilomita 75 nata, hanya da saura,
Aikinta Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura,
An yi ta ne don kai da kawon cikin gari.

Abin da nake roƙo ga manyanmu,
A kawo irin motocin nan hannunmu,
Mu kwance, mu auna su da zafin ranarmu,
A nan Daura, cikin Jami'ar Sufuri.

Bakanike na Ƙofar Marusa:

Ɗana, na ji ka, na kuma saurara,
Saura batun wuta da ke son gyara,
Mai napep ba shi da awa 4 ta jira,
Fasinja ba ya jiran mai uzuri.

Ɗalibi daga Daura:

Baba, a Kigali ta ƙasar Ruwanda,
'Yan acaba masu babur ɗin caji sun gwada,
Ka miƙa batirin da ya ƙare, a ba ka cikakke, ka yarda,
Minti kaɗan ka koma aiki da ƙwari.

Kamfanin da na sani a can sunansa Ampersand. Batirin nasu ne, ɗan acaba kuɗin musaya yake biya, kamar dai yadda muke kai tukunyar gas. Kuma da yake batiri ne ya fi komai tsada a abin hawa na lantarki, wannan na sauke wa mai saye nauyi babba.

Bakanike na Ƙofar Marusa:

In haka ne, ga yarana a gareji,
Sun iya kabreta, sun iya sauke inji,
A koya musu waya da na'urar caji,
Kar sabon zamani ya same su ba shiri.

Dattijo na kusa da Gobarau:
Jikana ne ke karanta mani, shi ne kuma ke rubuta abin da na faɗa.

'Ya'yana, Allah shi yi maku albarka,
Na ga zamanin jaki da kayan da ya ɗauka,
Na ga keken Raleigh da muka taka,
Na ga kabu-kabu, ga napep cikin jeri.

Ni zaune nake kusa da Gobarau,
Idona ya yi rauni, ba ya gani da kyau,
Da kunne nake tsallake titi har yau,
Ƙarar inji ke gaya mani in yi jinkiri.

Motar da ke tafe shiru kamar kyanwa,
A lungun da yara ke ta kai da kawowa,
Makaho da tsoho ba su jin tahowa,
A sa mata 'yar murya, ba sai ta yi ruri.

Ɗalibi daga Daura:

Kaka, Tarayyar Turai ta yi doka,
Tun 2019, kan wannan batu naka,
Sabon samfurin motar caji in ta taka
A hankali, dole ta yi sauti a sarari.

Mai Napep na Ƙofar Ƙaura:

Na gode Baba, na gode Malama,
Na zo da tambaya, kun buɗe mini dama,
Ami ba tawa ba ce, na gane ni ma,
Mai kujera biyu ba ta haya a gari.

Akwai tsohuwar napep a bayan gidana,
Injinta ya buga tun bara da damina,
Bodinta lafiya, ita ce tawa ta kaina,
Na ba da ita a yi gwajin batiri.

Bakanike, ranar Asabar ina tafe,
Zan jawo ta gareji tun da safe,
Ɗan Daura, kai ka san waya, shi ya san ƙarfe,
Malama ta auna mana kujerun ƙari.

In Allah ya sa ta tashi, wadda zan fara ɗauka,
Iyar nan ce, na san ƙofar da ta sauka,
Sai Baba na Gobarau, in zo har zaurenka,
Ka ji ko muryarta za ta sa ka jinkiri.

Bakanike na Ƙofar Marusa:
Ka bari sai bayan azahar, da safe ina da aiki biyu a gabana. Ka taho da ita ko tayoyin sun sace. Ɗan Daura, ka zo da ma'aunin wuta, ni zan tanadi sikeli mu fara sanin nauyinta in an sauke injin.