Neman kalma: me za mu kira "cockpit" na motar haɗi?

Fita (makanike) daga Suame Magazin, Kumasi: Salamu alaikum jama'a. Wani alhajin Aboabo ya zo garejinmu da hotuna a waya, yana son a sayo masa irin motar nan da ake turowa gunduwa-gunduwa cikin akwatuna a haɗa ta a gareji, kwaikwayon tsofaffin motocin tsere. Ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin Cobra, GT40 da Seven. Alhajin kuwa, masha Allah, dogo ne, ga jiki. Na ce kafin maganar inji sai an duba cockpit tukuna. Ya ce mene ne kuma wannan? Na tsaya ina ta zane a iska da hannu. Ina nufin wurin da direba ke shiga gaba ɗaya: kujera, sitiyari, wurin miƙe ƙafa, faɗin kafaɗa. A taimaka mini da Hausarsa.

Direban tirela, Asawase: Masta, ai mu kan mota muke cewa, ko gidan direba.

Fita daga Suame Magazin: Yaya, naku gida ne da gaske, har gado gare shi. Wannan kuwa sa ta ake yi kamar takalmi. Ford GT40 tsayinta daga ƙasa zuwa rufi inci 40 ne, daga nan ma ta samo sunan. Kusan mita ɗaya ke nan. Direban tsere Dan Gurney (sunansa ke nan Dan, ba ɗan wani Gurney ba) ƙafa 6 da inci 4 ne, sai da aka yi wa rufin ƙusumbi saboda kansa ya samu wuri, kuma har yau masu yin kwafinta suna sa wa dogaye wannan ƙusumbin. Wa zai kira wannan gida?

Malamin makaranta, Nima: A labaran jirgin sama ɗakin matuƙi ake cewa, kuma can ya dace, tunda akwai ƙofa, mutum na iya miƙewa. Amma asalin kalmar a Turanci ramin da ake haɗa zakaru faɗa ne. Daga nan ta koma jirgin ruwa, ta hau jirgin sama, ta sauko motar tsere.

Mai sayar da kayan mota, Abossey Okai: To shi ke nan, a ce akurki kawai, Malam.

Malamin makaranta, Nima: Ka ba ni dariya, sai dai ba za a ce wa Alhaji ya shiga akurki ba. Amma ba ka yi nisa ba, amsar tana wajen kajin. Ina ganin gurbi. Gurbin kaza daidai jikinta take yin sa, ta zauna daram. Muna kuma cewa kowa ya koma gurbinsa, wato wurin da aka tanadar masa shi kaɗai. Gurbin direba. Sai a ce gurbin ya matse shi, ko gurbin ya ɗauke shi.

Fita daga Suame Magazin: Malam, Allah ya ƙara sani. Bari in gwada ta a bakin aiki in ji. Gurbin Cobra ba shi da rufi, kai ba ya samun matsala, amma akwatin giya ya cinye tsakiya, ya ture ƙafafu gefe, sai ka ga direba a ɗan karkace. Ga salansa a gefen ƙofa, in an fito da gaggawa ta ƙona ƙwauri, balle mai babbar riga. Gurbin Seven shi ne mafi matsi a ƙugu. Kamfanin Lotus na Ingila ya fito da ita a 1957, kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin yin ta a 1973, daga baya ya yi mai faɗi, SV, da ƙarin santimita 11. Akwai kuma wadda ake saukar wa da ƙasan kujera don dogaye. Wallahi kalmar ta zauna.

Direban tirela, Asawase: Ni dai yaran Magazin na sani, kokfit za su ci gaba da cewa. Kuma gurbi na mutum ɗaya ne, motar kuwa kujera biyu gare ta.

Malamin makaranta, Nima: Su ce, ba laifi, sitiyari ma aro ne. Na biyun kuma gurbin fasinja. In an haɗa, gurbin zama.

Mai sayar da kayan mota, Abossey Okai: Masta, ka tuna wa Alhaji gurbin ya zama a hagu. Tun 1974 muka koma tuƙi a hannun dama a nan Ghana, na Ingila kuwa yawanci sitiyarinsu a dama yake.

Fita daga Suame Magazin: Na rubuta. Asabar zai dawo, zan zaunar da shi a ƙasa ya jingina da bango in auna ƙugu, kafaɗa da tsawon ƙafa. Kan kuma sau biyu zan auna, da hula da babu hula.