Bambancin “bombshell” da “bolt from the blue” a labarun Turanci

Tambaya daga ɗalibar aikin jarida:
Assalamu alaikum. Ina yawan cin karo da “bombshell”, “bolt from the blue” da “shock” a kanun jaridun Turanci, kuma ina so masana su fayyace mini ko ma'anarsu ɗaya ce, ko kuwa kowacce da muhallinta.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Asalin “bombshell” harsashin igwa ne mai tarwatsewa, shi ya sa ake amfani da ita ga sanarwa ko tonon silili da wani ya saki ya girgiza jama'a, kamar soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da gwamnatin Janar Babangida ta yi. Ita kuwa “bolt from the blue” tsawa ce da ta faɗo alhali babu hadari, wato abin da ya auku bagatatan ba tare da wata alama ba. Rasuwar Janar Abacha a ranar 8 ga Yuni, 1998, ta dace da ita sosai.

Amsa ta biyu:
Ina ƙarawa da cewa “shock” ta fi karkata ga abin da ya kaɗa hanta, yayin da “surprise” takan ɗauki mai daɗi da mara daɗi duka, don haka ba ta dace da labarin rasuwa ba.

Amsa ta uku:
A ganina jaridun intanet sun ragargaza darajar “bombshell”, domin ko ɗan majalisa ne ya sauya sheƙa sai su maƙala ta a kanun labari.