In gini ya faɗi, wa zai fara shiga?

Malam Issoufou: Na tsaya kan maganata ta jiya a fada, wurin hirar samari. In bala'i ya sauka, wanda bai da horo ya ja gefe ya bar wa ƴan pompiye masu kashe gobara da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge aikinsu.

Hadiza: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Guguwar Katrina a 2005, da ruwa ya cinye birnin New Orleans na Amurka, mutanen gari ne suka fito da kwale-kwalensu na kamun kifi suna sauko da jama'a daga saman rufi. A 2017 kuma suka je birnin Houston lokacin guguwar Harvey. Wa ya ba su takarda?

Malam Issoufou: Ƴata, ƙarasa labarin. A Houston ɗin nan wasu ƴan sa-kai sun rasu, ruwa ya ja jirginsu zuwa wayar lantarki. Kuma masu kwale-kwalen da kika ambata sun saba da ruwa. Mu fa?

Laouali: Mu laka muka sani. Damunar 2024, wadda tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya faɗi a cikinta, katangar maƙwabcinmu ta rufta cikin dare. Samarin kartiye ne suka tone ta da shebur da hannu, suka fito da tsohuwa da ranta. Da mun tsaya jiran mota, hanyar ma ta zama tabki.

Hajiya Mariama: Laouali, ina wurin ai. Na ga wajen mutum 10 sun hau kan tarin ƙasar suna kabbara, alhali matar tana ƙarƙashinsu. Da kuka ciro ta, aka ɗauke ta kamar buhun hatsi, ba wanda ya tuna da bayanta. Allah ne ya kiyaye.

Hadiza: To Hajiya, a koya musu mana, kora ba ta da amfani. Ko an hana su za su fito.

Hajiya Mariama: Wa ya ce a kore su? Washegari ma sai tsummokara ake ta kawowa, ga yara ba ruwan sha mai tsabta, ba gidan sauro.

Malam Issoufou: Laouali, ku nawa ne a fadarku? In na samo mai koyar da taimakon gaggawa ranar Asabar, za ku zo, ko sai an ce akwai kuɗin shayi?

Laouali: Mu 14 ne, Baba. Shayin dai kai za ka saya.